Mutumin da Ya Hana Kyauta Tsufa

Duk jami'ar da ba ta da mutum irin Daraktan Ofishin Tallafi da Godiya, a je a yi mata jaje. Tamu tana da shi, kuma bai taɓa barin ta manta ba. Mutum ne cikakke ta gaba da ta baya. Idan zai shiga ɗaki, turarensa ne ke fara yin sallama, sai tumbi ya biyo, can daga baya shi kansa ya iso. Kwat ɗinsa ba ta san ƙura ba. Takalminsa kuwa, in madubi ya ɓace maka, sai ka roƙe shi ya ɗan tsaya ka gyara gashin baki.

Bai taɓa koyar da kowa komai ba. Wannan ba rashin sani ba ne, rashin lokaci ne. Bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, don hannunsa na manyan ayyuka ne. Amma tambaye shi wa ke riƙe da bincike a jami'ar nan, sai ya sunkuyar da kai cikin tawali'u, ya dafa ƙirji, ya bar ka ka gano amsar da kanka.

Gaskiyar magana, da kyautar mutane jami'ar ke numfashi. Abin da hukuma ke bayarwa albashi ne ke cinyewa, kuɗin wuta da na ruwa su lashe kwanon. Sauran duka, daga littattafai zuwa katifun ɗalibai, daga kayan ɗakin gwaji zuwa ɗan abin da masu bincike ke sawa a bakin salati, mutanen kirki ne ke aikowa: tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwa, wata ƙungiya nan, wani attajiri can. Duk abin da aka aiko kuma ta ƙofar Darakta yake shigowa. A hankali bawan Allah ya fara jin kamar daga aljihunsa abin ke fita. Idan ya ce "mun ba da," har cikin ransa yake nufi.

Ɗalibai suna kiransa Baba Almakashi. Ba a banza ba. A aljihun kwat ɗinsa na ciki, daidai saitin zuciya, akwai wani almakashi mai ruwan zinare a hannu, yana kwance cikin ɗan gidansa na karammiski. Wasu na tafiya da alƙalami, wasu da carbi. Shi da almakashi yake tafiya, don mutum bai san inda zai ci karo da jan ƙyalle ba.

Lokacin da na dawo daga karatu a nesa na kama koyarwa, abin da ya fara ɗaure mini kai wata doguwar mota ce a gindin bishiya, an lulluɓe ta da tampol, kaji sun mayar da ƙarƙashinta gida. Kullum ɗalibai na wuce ta a ƙafa, cikin rana, zuwa gonar gwaji da ke can bayan gari. Na tambayi wani abokin aiki ko lalacewa ta yi. Ya dube ni kamar na zagi iyayen wani.

"Lalacewa? Sabuwa ce fil. Ai kyauta ce."

Sai daga baya na fahimci hikimar, daga bakin mai ita, a wani taron ma'aikata.

"Jama'a," in ji Darakta, yana juya zoben makullai a yatsa, "kyauta amana ce. Mutum ya cire daga guminsa, ya ba ka abu yana ƙyalli, kai kuma ka mayar da shi duk tabo? Ina tarbiyya? Ina kunya? Mu a wannan ofis ƙa'idarmu ɗaya ce tak. Duk ranar da mai kyauta ya waiwayo, ya tarar da kyautarsa kamar jiya ya saye ta. Wannan shi ake kira godiya a aikace. A wasu wuraren ana faɗar godiya da baki. Mu nan a sito muke ajiye ta."

Aka tafa. Ai dole a tafa wa mutumin da makullin komai ke hannunsa.

Tsarin aikin ba shi da wuyar ganewa. Kaya su iso. A kafa rumfa, a jera kujeru, a ɗaura jan ƙyalle. Mai hoto ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Darakta ya yi jawabi, ya zaro almakashi a hankali, ya juyo da kyakkyawan gefen fuskarsa, sai ƙyas. A yi tafi. Daga nan a mayar wa kaya ledarsu, a kai su sito, a datse kwaɗo. In wani baƙo ya zo wata mai zuwa, a sake fito da su, a ɗaura sabon ƙyalle. Motar nan ta gindin bishiya an ƙaddamar da ita har mai hoto ya haddace inda inuwa ke faɗawa. Kaji ma sun saba. Da sun ga ana kafa rumfa, sai su kwashi 'ya'yansu su koma bayan katanga, su jira a gama.

Babu abin da ya yi wa almakashin nan ƙanƙanta. Ya ƙaddamar da famfo, sannan ya sa aka cire kan famfon don kada tsatsa ta kama shi. Ya ƙaddamar da kwandon shara, ya hana a zuba shara a ciki. Katifu suna jibge a sito har rufi, kowace a ledarta, ɗalibai kuma na shimfiɗa kwali a kan ƙarfen gado, suna tashi da zane a baya kamar an gasa su. Littattafan bincike suna jere a kabad mai gilashi, a kulle. Ɗalibai sun haddace sunayensu tsaf daga waje. Abin da ke ciki ne kawai ya rage musu.

Tabo ɗaya ne a wannan farar rigar, kuma mace ce ta yi shi. Wata malama ce a sashen nazarin ruwa, gajera, marar yawan magana, kullum bakin zanenta da laka. Ɗalibai na kiranta Dakta Mai Guga, saboda ba a cika ganinta ba guga a hannu ba. Ita da ɗalibanta masu bincike suna bin rijiyoyin unguwannin da ke bayan jami'a, inda yara ke yawan fama da ciwon ciki, suna ɗebo ruwa a kwalabe don su gano wace rijiya ce ke da lafiya, wace ce ke cutar da mutane. Aikin ba ya yiwuwa sai da injin gwada ruwa. An kuwa aiko da injin, kyauta. Ma'ana, makomarsa sito.

Darakta ne da kansa ya yi kuskuren. Ranar wata ƙaddamarwa ya ce yana son hoto mai rai, a ainihin ɗakin gwaji, da mutane sanye da fararen riguna suna kallon injin da mamaki. Aka turo injin a kan tayoyinsa har ɗakin Dakta. Aka yi ƙyas, aka yi hoto. Sai aka ce abincin baƙi ya sauka, kuma Darakta ba ya barin baƙo ya ci abinci cikin kaɗaici. Da ya dawo yana sakace haƙori, sai ya tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, daga ciki kuma wani abu na gurnani a hankali. Dakta ta jona injin da wuta.

Tun daga ranar injin bai huta ba. Rubutun da ke kan maɓallansa ya goge. Wayarsa ta sha salatif a wuri biyu. Wani ɗalibi ya taɓa ɗora kofin shayi a kansa, zoben ya zauna daram. Taya ɗaya tana kuka in ana tura shi. Ɗalibai suka sa masa suna Kaka, suna gaishe shi da safe. Darakta kuwa, in hanya ta bi da shi ta ƙofar ɗakin, sai ya kau da kai, kamar mai wuce gidan wanda ya ci masa mutunci a kasuwa.

Sau ɗaya ya daure ya leƙa.

"Dakta, kin kashe injin nan."

"Yallaɓai, da ransa. Jiya ma ya gano mana wata rijiya mai guba."

"Abin da nake faɗa ke nan! Guba kike ɗura masa! Injin mutane!"

Ya fita yana fifita da hankici.

Ana nan sai labari ya zo wanda ya girgiza kowa. Mafi yawan kyaututtukan nan, da motar, da katifun, da littattafan, da injin, har da ɗan tallafin da ɗaliban Dakta ke ci su yi bincike, duk daga hannun mutum ɗaya suke: wata tsohuwa mai kamfanin takalma, wadda kowa ke kira Hajiya, amma ba wanda ya taɓa ganinta. Shekara da shekaru tana aikowa ba ta zo ba. Yanzu 'ya'yanta sun matsa mata cewa ta daina, ta kai alherinta inda ake buƙata. Ta ce ba za ta yanke hukunci da ji ba. Za ta zo ta gani da idonta, sannan ta faɗi ko za ta ci gaba ko ta tsaya.

Kowa ya san abin da tsayawarta ke nufi. Ɗaliban Dakta su naɗe kaya su koma gida da rabin bincike, sauran rijiyoyin su zauna ba a gwada ba, yara su ci gaba da sha. Dakta ta rame a tsaye. Darakta kuwa sai da ya ƙara ƙiba. Ranar da ya yi shekaru yana shirya wa ce ta zo.

"'Yan uwa," ya ce wa kwamitin tarba, "tarihi ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma ni zan buɗe masa. Da wani ne a kujerar nan, da yanzu yana zufa, don an cinye kayan mutane da amfani. Mu kuwa? Ku je sito ku shaƙi iska. Ƙamshin kanti! Baiwar Allah nan za ta ga kayanta, ta yi kuka. Ina so a tanadi hankici mai tsabta. Ni zan miƙa mata."

Aka shiga shiri. Aka goge gilashin kabad. Aka wanke mota, aka ba kaji sanarwa. Aka zaɓo ɗalibai masu fara'a aka yi musu horo: su tsaya kusa da katifu, su yi musu murmushi, amma wanda ya kuskura ya zauna, kashinsa ya bushe. Aka koya musu cewa "Mun gode, Mama" da murya ɗaya, ana ɗaga musu yatsa.

Saura abu ɗaya: Kaka. Idan Hajiya ta ga yadda aka wulaƙanta injinta, in ji Darakta, shi ke nan an gama da jami'a. Da safiyar ranar, Dakta da ɗalibanta sun fita rijiya kamar kullum, sai ya kira kafinta ya kwance ƙofar ɗakin gwaji gaba ɗaya, kwaɗon na rataye a jikinta, aka turo injin waje yana kukan taya. To, a kai shi ina? Sito dai Hajiya za ta shiga. A ofishinsa kuma za ta sha ruwa. A nan ne basirar da Allah ya ba shi ta nuna kanta. Dama teburin jawabi ya yi masa gajarta, yana sa shi sunkuyo, tumbi na shan wahala. Da ya tsaya a jikin injin, sai ya ga tsawonsa ya zo masa daidai cif. Ya sa aka kai shi ƙarƙashin rumfa, aka lulluɓe shi da farin mayafin tebur har ƙasa, aka ɗora furen roba da kofin ruwa. Ya ja baya ya duba aikinsa, ya tausaya wa jami'o'in da ba su da irinsa.

Dakta ta dawo da kwalabe cike da jaka, ta tarar da ɗaki ba ƙofa, ba inji, sai alamun tayoyi a siminti. Ta same shi yana gyara wuyan riga.

"Yallaɓai, ina injina?"

"Injin Hajiya," ya gyara mata. "An kai shi hutu. Ke kuma, don Allah, ki zauna can layin baya. Dubi bakin zanenki."

Hajiya ta iso a wata tsohuwar mota da ba ta kai ta Darakta kyau ba. Ƙaramar tsohuwa ce, da tabarau rataye da igiya a wuya, da takalmi shafaffe wanda aka sake wa ƙasa ba sau ɗaya ba. Tana da wata ɗabi'a ta masu sana'arta: ba ta fara kallon fuskar mutum sai ta kalli ƙafarsa, kuma duk abin da aka miƙa mata sai ta juya shi ta duba ƙarƙashinsa.

Ta kalli takalmin Darakta, ta daɗe tana kallo.

"Ɗan nan, kai ba ka tafiya ne?"

"Ranki ya daɗe, muna kulawa ne," ya ce, yana murmushin wanda aka yaba.

Aka fara da sito. Darakta ya buɗe ƙofa da hannu biyu, ya ja gefe don ƙamshin ya same ta sosai. Ɗalibai na tsaye a gefen katifu suna murmushi. Yatsa ya ɗagu. "Mun gode, Mama!" Hajiya ta danna wata katifa da babban yatsa, leda ta yi ƙara. Ta ɗaga gefenta ta leƙa.

"Wa ke kwana a kan wannan?"

"Allah ya kiyaye, ranki ya daɗe! Ko ƙuda bai taɓa sauka ba."

Ta juya ta kalli ɗaliban. Ɗaya daga cikinsu wuyansa ya ƙage, yana yi mata murmushi a karkace. Ta saki katifar ta wuce.

A ɗakin karatu ta ce a buɗe kabad. Sai da aka gwada makullai da yawa, don makullin bai saba da kwaɗonsa ba. Ta zaro littafi ɗaya, ta yage ledar da farce, Darakta ya runtse ido kamar shi aka yaga. Da ta buɗe, littafin ya yi ƙara irin ta ƙashin da bai taɓa miƙewa ba, shafukan manne da juna. Ta shinshina, ta mayar.

A wurin mota kuwa, tsohuwar nan sai ta dafa gwiwa ta durƙusa. Ba ta kalli fenti ba, ba ta kalli kujeru ba. Ta kai hannu jikin taya ta tsinko ɗan siririn gashin robar nan da ke jikin sabuwar taya, wanda tafiyar yini guda ke shafewa. Ta ɗaga shi saitin tabarau. Wata kaza da ba ta ji sanarwa ba ta fito daga ƙarƙashi ta wuce ta tsakanin ƙafafun Darakta.

Tun daga sito Hajiya ke ƙara yin shiru. Darakta ya raɗa wa mai hoto: "Ka gani? Ta rasa bakin magana. Hankicin na kusa?"

Ƙarƙashin rumfa ya hau aikinsa. Ya dafa farin teburinsa da hannu biyu, ya yi gyaran murya, ya fara daga tarihin kyauta tun farkon duniya. Ya bi ta kan amana, ya ratsa ta tarbiyya, ya sauka a kan kansa, ya daɗe a wurin.

"Ba yabon kai ba," in ji shi, "amma da ba don wani bawan Allah ya tsaya tsayin daka ba, da yanzu katifun nan sun lotsa da nauyin mutane. Da littattafan nan duk yatsu. Da motar nan ta san ramukan garin nan ɗaya bayan ɗaya. An zage ni, an yi mini suna, na haƙura. Yau ga sakamako. Ranki ya daɗe, ga kayanki, yadda kika ba mu, ko ƙwarzane babu!"

Yana faɗa yana buga tebur. Duk bugu ɗaya, wani abu a ƙarƙashin mayafin sai ya ɗan yi kuka. Daga layin baya Dakta ta ɗaga kai. Ta san kukan nan. Ta sauke ido ƙasa, sai ga gefen taya na leƙowa, da ɗan wutsiyar waya mai salatif.

Hajiya ba ta tashi ba. Daga zaune ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma har kaji sun ji.

"Ni takalmi nake yi, ban yi karatu mai zurfi ba. Amma in mutum ya sayi takalmina, na gamu da shi bayan shekara na ga ƙasan fes, ba na jin daɗi. Na san ko dai ya matse shi, ko kuma ba shi da wurin zuwa. 'Ya'yana sun daɗe suna ce mini jami'ar nan ba ta buƙatar kayana, ina yi musu musu. Yau na gani. Ku yafe ni, na cika muku sito da kaya. Ba zan ƙara ba."

Wata ɗalibar Dakta ta rufe fuska da mayafi. Darakta, wanda kunnensa ya tsaya a kan "na cika muku sito," har ya haɗa hannu zai tafa, sai sauran maganar ta iso masa a makare. Hankicin da aka tanada, shi ya fara amfani da shi.

Amma gwani ba ya rasa dabara, musamman in dabara ɗaya gare shi. Ya zaro almakashi, ya kama hannun Hajiya cikin ladabi, ya kai ta gaban jan ƙyallen da ke jikin mota. A saninsa, babu ɓacin ran da ƙyas ɗaya ba ya warkarwa.

Hajiya ta karɓa ta danna. Ƙyalle ya lanƙwashe ya shige tsakanin baki biyu. Ta sake dannawa. Almakashi ya tauna ƙyallen, ya tauna, ya tofar. Sai ta yi abin da ta saba: ta juya shi. Ruwan zinaren hannun ya goge har farin ƙarfe ya fito. Kusar tsakiya na rawa. Bakin ya cinye ya yi siriri. A karon farko tun isowarta, fuskar tsohuwar ta saki.

"Ikon Allah. Ashe akwai abin da ke aiki a gidan nan." Ta ɗago. "Ba ni na aiko da wannan ba ko?"

"A'a, ranki ya daɗe. Nawa ne."

"Na ga alama." Ta ci gaba da juya shi. "To, ɗan nan, abu ɗaya ne ban gani ba. Ina injin gwada ruwan da na aiko?"

"Yana... yana hutawa, ranki ya daɗe."

"Hajiya," wata murya ta ce daga layin baya, "ga shi can. A kansa yallaɓai ya yi jawabi."

Dakta ta ratso kujeru da lakarta da komai. Ba ta yi sauri ba, ba ta kalli kowa ba. Ta sauke kofin ruwa ta miƙa wa Darakta, don kada a ce ba ta da ladabi, sannan ta kama gefen mayafin ta ja. Furen roba ya yi nasa wuri. Ga Kaka a tsaye gaban jama'a, da salatif, da zoben shayi, da maɓallan da ba rubutu.

"Ranki ya daɗe, za a hukunta!" Darakta ya shiga tsakani, yana ƙoƙarin kare injin da faɗin jikinsa, wanda ya kusa isa. "Ba da sanina ba ne. Na yi magana, na yi gargaɗi. Za a kafa kwamiti..."

"Matsa, ɗan nan, kana tare mini haske."

Ta sa tabarau. Ta shafa maɓallan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shafa kan jika. Ta durƙusa ta duba tayoyi. Ta tsaya a kan zoben shayin.

"Wa ya yi wannan?"

Wani dogon ɗalibi ya ɗaga hannu a hankali, yana neman inda zai ɓuya.

"A tsaye kake karyawa saboda aiki? Allah ya yi maka albarka. Amma ka nemi faranti." Ta juya ga Dakta. "'Yata, me ya yi muku, tsohon nan?"

Dakta ta faɗa mata a taƙaice: rijiyoyin da aka gano suna da cuta aka rufe, waɗanda aka tabbatar da lafiyarsu mutane suka koma can, da unguwar da ma'aikatan asibiti suka ce yaranta sun rage zuwa. Ta ɗaga jakarta, kwalabe suka yi ƙara. "Waɗannan na safiyar yau ne. Suna jiransa."

"To me kuke tsaye yi? Ku tura shi!"

Ɗalibai suka tura Kaka, tayarsa na kuka, suna bin sa da tafi wanda ba a koya musu ba.

Hajiya ta ce za ta ci gaba, amma da sharaɗi, kuma a wurin za a cika shi. Ta miƙa tafin hannu. Darakta ya kalli hannun, ya kalli zoben makullansa, ya kalli sama ko taimako zai sauko. Aka raba makullan nan take: na sito ga mai kula da ɗakunan kwana, na kabad ga mai ɗakin karatu, na mota ga direban da ya yi shekaru yana karɓar albashi a kan goge gilashi.

"In na dawo," ta ce, "ina so in ga tayoyin nan sun yi sanƙo."

Motar ta ƙi tashi, don batirinta ya mutu da zaman banza. Ɗalibai suka tura ta da murna har ta yi tari ta kama. Kafin la'asar katifu na tafiya a kan kawuna zuwa ɗakunan kwana, ledoji na tashi a iska.

Da za ta shiga motarta, Darakta ya matso yana kallon hannunta. Almakashinsa na nan a ciki.

"Wannan zan tafi da shi in nuna wa 'ya'yana," ta ce, ta jefa shi a jaka. "Kada ka damu. Zan aiko maka da sabo."

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ya karya gwarzonmu. Kafin mako ya zagayo ya gama bayyana wa duk wanda ya tsaya cewa dabararsa ce tun farko. Wa ya kai injin gaban Hajiya? Wa ya ajiye shi a tsakiyar rumfa, inda ido ba zai kauce masa ba? Sai ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙirji, ya bar ka ka gano amsar da kanka.

Hajiya kuwa ta cika alkawari. Direbanta ya kawo sabon almakashi, babba, mai ƙyalli, a cikin irin taurarriyar robar nan da ake liƙewa ta kowane gefe, wadda farce ba ya yagawa, haƙori ba ya hudawa. Ba a buɗe ta sai da almakashi. Sakatariya ta ce a ari na telan bakin ƙofa. Darakta ya tambaye ta ko ta taɓa jin an ƙaddamar da kyauta da kayan aro.

Yanzu katifu sun lotsa. Littattafai duk yatsu. Motar ta san ramukan garin ɗaya bayan ɗaya, kaji sun yi hijira. A duk faɗin jami'ar, kyautar Hajiya ɗaya ce ta rage kamar jiya ta saye ta. Tana kan teburin Darakta, a cikin robarta, da ɗan jan ƙyalle ɗaure a tsakiya. Kullum da safe yana goge ta da hankici.